Hular da Ta Kashe Injin Oga

Ranar na shiga shagonmu na Jimeta da sabuwar hula, ina ji da kaina. Ni ke kula da injin yankan kwanon rufi na Oga Chinedu, kuma har gobe ba wanda ya fi ni sanin cikinsa. Na cire hular don kada baƙin mai ya taɓa ta, na rataye a jikin injin, na danna makunni. Shiru.

Wani dattijo ɗan Michika na zaune yana jira. Ya koma garinsu bayan rikici, ya tayar da bango, rufi kawai ya rage, ga damina ta kawo kai.

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Injin nan ɗana ne."

Na duba fis ɗin wuta, na zagi 'yan NEPA, na kwance moton da ke juya injin, har wuƙar da ba ruwanta na sauke. Oga sai zagaye ni yake: "Malam, ka san abin da kake yi kuwa?" Ko kallonsa ban yi ba.

Da la'asar na mayar da komai, shiru dai. Motar Michika ta tashi ba kwano, dattijon ya bi ta ba sallama. Cikin fushi na fizgo hulata. Jan maɓallin tsayar da inji, wanda na danne wajen rataye ta, ya yi ƙas ya fito. Fitilar injin ta kama, a gaban kowa.

Yanzu ko keke napep ne ya mace a unguwar Bekaji, sai wani mara kunya ya ɗaga murya: "Injiniya, yau kuma ina ka rataye hular?"