Bango Ya Sha Lalle

"Sannu da hanya, tsohuwa. Ya mutanen Bahawalpur?"

"Suna gaishe ka, ban da masu hankalin cikinsu."

Nani Zaitun ke nan, kakar Tanwir, ta dawo daga ganin dangi. Gobe iyayen Rubab za su zo ganin gida, daga nan su ce sun ba Tanwir 'yarsu ko sun hana, kuma kaf gidan ba mai bakin neman aure sai Nani. Shi ya sa tun tana can ta yi masa waya ta ce ya shafe ɗakin baƙi da fenti launin lalle. Ya kuwa shafe, har ƙyauren taga, saura ƙiris ya haɗa da akuya.

Ta leƙa ɗakin, ta ja da baya.

"Wace rundunar soja ce ta kama haya a gidana?"

"Launin lalle kika ce."

"Lallen hannu, ja, irin na amare."

"Ni kwaɓaɓɓe na sani, na cikin kwano. Zaga kasuwar nan tamu ta Multan ki ce launin lalle, in aka miƙo miki ja, ki aske mini gashin baki."

"Wane gashin bakin? Wannan da kamar ƙuda ya taka tawada ya wuce?"

"Shi Rubab ta gani ta kasa cin abinci."

"Tashin zuciya ne, ɗan nan."

Tanwir ya yi dariya, ya taɓa bangon da yatsa. Fentin ko bushewa bai gama ba, balle a yi zancen sake wani kafin gobe.

Nani ta ce, "Ni dai ba zan zauna cikin kududdufin nan in nema maka aure ba. Uwar yarinya ta shigo ta ga kamar ɓauna ta yi birgima a bango?"

"Sai ki ce musu idonki ne ya mutu."

"Idona ya mutu na hango kunnuwanka tun daga tasha?"

Ya ɗauko gwangwanin fentin ya kai mata har hanci. "Mai shago ya ce sunansa na boko zaitun. Sunanki na shafa wa ɗakin. Ga ɗaci, ga yamushewa, kuma sai ya daɗe cikin gishiri yake ciwuwa."

"Ga kuma tsada. Ba a ba yara."

Ta dafa bango za ta ciro takalmi ta jefe shi. Tana ɗago hannu, tafin ya yi kore shar.

"Alhamdu lillahi, amarya ta sha lalle," in ji Tanwir. "Kada ki wanke, bar shi ya kwana, da safe ya yi ja."

Ta dubi hannun, ta dube shi, ta cije, ta cije, dariya ta ƙwace mata har haƙorinta ɗaya tilo ya sha iska. Ta shige ɗakinta ta buɗe akwatin ƙarfe, ta fito da jan mayafi mai aikin siliki, wanda aka kai ta gidan miji da shi, ta cilla masa a fuska.

"In fentin ya bushe, rataya wannan a tsakiyar bangon. Ga koren, ga jan, lalle ya cika. A ƙarƙashinsa zan zauna gobe. In suka yaba launin, ni na zaɓa."

"In suka kushe fa?"

"Kai ne, mai kunnuwa."