Shingen NyaKamanga Ya Yi Ganye

Wata guda ke nan da na taka keke daga bakin tafki har tashar binciken noma, kuma har yau cinyoyina ba su yafe min ba. Karan rogo ɗauri ɗaya na je nema. Na dawo da riga mai rubutu a baya, da hular hana-sallah, da kwalbar lemo. Ashe bikin rufe shiri na faɗa.

Ga wanda bai san zancen ba, mun daɗe rogonmu yana ruɓewa daga ciki. Ganye kore shar, amma ka tono ka fasa, baƙi kamar haƙorin da tsutsa ta ci. Mu kuwa a nan, ranar da ba a tuƙa kondowole ba, tuwon rogonmu, ba a ci abinci ba, ko da an soya kifin tafkin nan kaf.

Shekara uku da suka wuce, Dakta Mhone, wata 'yar siririya mai takalmin roba, ta dasa rogo iri goma sha biyu a gonar maƙwabciyata NyaKamanga, kowane layi da lambarsa. Sha ɗaya suka ruɓe. Lamba tara ya fito fari tas. Saura damina biyu a tabbatar da shi, kwamiti ya sa hannu, a raba mana. Sai tallafin ya ƙare.

Masu ba da tallafi na ƙetare, Allah ya ƙara musu basira, ba sa son abu ya wuce shekara uku a hannunsu. Bana sun bar yayin rogo sun koma yayin waya, wato za a riƙa turo mana saƙo ana sanar da mu cewa rogonmu ya ruɓe. Gwamnatinmu kuma ta yi alƙawarin ware wa bincike kasonsa tun ina da gashi a ka. Dole a yaba mata, ba ta taɓa janye shi ba, duk shekara sai ta sake ɗaukarsa sabo fil.

A wajen bikin nan, babban baƙo, Mai Girma Sarkin Yanka Zare, yana tsakiyar jawabi na lallaɓa wajen Dakta.

Ta kira sunana ta ce, "Ada Longwe, irin da kwamiti bai sa wa hannu ba, an hana a raba shi. Ƙa'ida ta ce in shiri ya rufe, a tuge a ƙona. Juma'a za mu zo gonar."

Idonta ya yi ja. Ni ma raina ya ɓaci, don aikin shekara ukun matar nan ne za a cinna wa ashana, da abincinmu na baɗi.

Na kai wa NyaKamanga labari tana jiƙa rogo. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kai dai an ba ka hula, an gama da kai. Ara min addarka."

Ranar Juma'a wani Babban Jami'in Tabbatar da Ƙonawa ya zo da Dakta da galan ɗin kananzir, suka tarar layin tara babu ko sanda ɗaya. NyaKamanga ta ce awaki ne. Jami'i ya waiga, ya hango sabon shinge a bayan ɗaki, ɗanye shakaf, ya nufe shi.

NyaKamanga ta ce, "Ranka ya daɗe, makewayi ne, surukata na ciki tana wanka. In dubawa za ka yi, bari in ce mata ta shirya."

Bawan Allah ya ja birki har takalminsa ya zame. Ya rubuta cewa awaki sun riga shi aiki. Dakta kuwa ta ɗan dubi shingen daga nesa, fuska a murtuke, ta ce, "Mama, wasu sandunan kin kafa su kai a ƙasa. Ki juya su idon ya kalli sama, shinge ya fi ƙarko haka."

Yanzu ruwa ya sauka, gida bakwai a unguwarmu sun yi sabon shinge, har da nawa, kuma duk sun yi ganye. Ina so hukuma ta sani, babu wanda ya dasa rogo a cikinmu. Kunya ce kawai ta yi mana yawa.

Na ji an ce akwai sabon shiri tafe, na shekara uku, don nemo rogon da ba ya ruɓewa. Muna maraba da su, za mu ba su kujera a inuwa. Roƙona ɗaya, kada wani ya jingina da shinge.