Wata Bakwai Dudu Yana Jiran a Gama Bita

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Horar da Ma'aikatan Shari'a kan Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan an tashi taro lafiya, ni ce Mariyamu mai bandar kifi a Wara. Na rubuto in yi godiya a madadin yayana Dudu, matuƙin kwalekwale, wanda ke tsare wata bakwai ke nan bisa zargin sace injin jirgin maƙwabcinsa Muhammadu. Ba don wannan ƙaddara ba, da ban san irin ƙoƙarin da kuke yi ba.

Na ɗaya. Ranar da aka gurfanar da shi, da Turanci aka karanta tuhuma. Dudu da yaren Gunganci ya tashi, Hausarsa ma ta ciniki ce. Tafinta kuwa ya tafi bitarku a kan haƙƙin samun tafinta. Dudu ya ga babba na magana, ya yi ta gyaɗa kai don ladabi. Saura ƙiris a rubuta ya amsa laifi, sai na ɗaga murya. Aka fitar da ni waje, cikin mutunci dai.

Na biyu. Sau biyar ana ɗage zama. Uku daga ciki, alƙali yana otal ana koya masa illar jinkirta shari'a. Wa zai so a yanke wa ɗan'uwansa hukunci alhali alƙali bai ƙare karatu ba?

Na uku. Na ga takardar da kuka manna a bangon kotu, mai cewa talaka na da lauya kyauta. Ta yi kyau ƙwarai. Shi lauyan, a wace kasuwa ake ganinsa? Kwamfutar da kuka aiko ma ta iso, tana cikin ledarta, magatakarda na ɗora kular abincinsa a kai.

Na huɗu, wanda ke hana Innarmu cin abinci. Injin ya bayyana tun watan jiya. Ashe surukin Muhammadu ya kai shi gyara Yelwa bai faɗa wa kowa ba. Muhammadu ya zo har gida yana kuka, muka tafi kotu tare don ya janye ƙara. Aka ce mai karɓar takardar janyewa yana bita, mu dawo bayan Sallah. Wace Sallar, ba a ce ba.

Roƙona guda ne. Idan za ku sake taro, ku gayyaci Dudu ya yi jawabi. A gidan yari ya koyi Hausa sosai, ya haddace haƙƙoƙinsa kaf daga bakin waɗanda suka shekara uku suna jira. Ba ya son jakar da kuke rabawa a bita, ba ya son hula mai tambari. Sai dai ku aika mota, don har yanzu ba a ba shi izinin fita ba.

Allah ya ƙara basira, ya kawo bita ta gaba lafiya.

Taka mai biyayya, mai jiran ranar da za a same ku a ofis,

Mariyamu mai banda,
Wara.