Siket ɗin Faris da Sitacina

Shekarata ta farko a Doha na tsinci wata mujallar Faransa ta zamanin kakanninmu a kasuwar gwanjo ta unguwar Najma. A ciki akwai zanen wata matar birnin Faris, ƙugu kamar na zanzaro, siket a buɗe kamar lema. Na rantse shi zan sa ranar sunan jaririn matar maƙwabcinmu Dakta, matan injiniyoyin nan su san ni ma na waye.

Tela ya ce sai da wani siket mai tauri a ciki. Na ce, "Khalas, magana ta ƙare, ɗinka kawai, ni za ka koya wa tayar da kaya?" Da ya ɗinka, na dama sitaci mai kauri, na tsoma siket ɗin. Da ya bushe, shi kaɗai ya tsaya ƙyam.

Na manta da gumin Agusta. Kafin mu isa gidan suna, sitaci ya koma koko. Na zauna ina yanga. Da na miƙe gaida mahaifiyar Dakta, matashin kujera ya biyo ni.

Tsohuwa ta gyara tabarau. "'Yar nan, haka ake yi a Faris?"

Har yau ina sallama matar Dakta take cewa, "Yalla, maza a kwashe matasai, Madam Faris ta iso!"