Ranar da Kurfai Ta Ji Kukana

Ni ke kula da ordinatoci, wato kwamfutoci, a wani ƙaramin gidan radiyo a Filinge, cikin ƙasar Kurfai, kuma da hannuna na haƙa ramin da na faɗa. Diski guda na buɗe wa ƙofa biyu, yadda duk abin da aka ajiye daga ofis nan take za a gan shi a situdiyo. Har wa'azi na yi wa ma'aikata: "Rumbu ɗaya ne fa, ku kiyaye!"

Sai matata Hadiza ta yi yaji zuwa gidansu a Bonkuku. Bakina ya yi nauyi a waya, don haka na ɗauki muryata ina gwajin ban-haƙuri, har da shessheƙa. Na ajiye daga ofis, wai ni na ɓoye.

Ranar kasuwa, mai shirin gaishe-gaishe ya danna sabon abin da ya gani. Duk Kurfai ta ji ni: "Hadiza, na tuba, wallahi tuwo ba ya shiga."

Direkta ya dafa kafaɗata yana danne dariya. Hadiza ta dawo washegari, ta ce kunya ta koro ta.

Har yau in na ratsa kasuwa, mahauta sai sun ɗaga murya: "Malam, tuwo ya fara shiga?"