Targaɗen da Ya Hau Talabijin

Wani ne yake aiki a shagon sayar da kayan ɗaki, kujeru da gadaje da durowoyi. Irin mutanen nan ne da ba a taɓa tambayarsu abu su ce ba su sani ba. Ko jirgin sama ne ya lalace, cewa zai yi a miƙo masa sukundireba.

Wata rana Ogansu ya sayo wata ƙatuwar talabijin, aka kafa ta can sama a jikin bango tana kallon ƙofar gilashi, don ta riƙa nuna wa masu wucewa hotunan kaya. Oga ya ce a nemo mai haɗawa. Gogan naku ya ce yana raye za a kira wani? Ya hau tsani, ya danna nan, ya danna can, ya zuba akawun ɗinsa na waya a ciki. Kun san abin nan da ke cikin waya, wanda duk hoton da ka ɗauka yake kwashewa ya kai ma'ajiyar intanet, daga can ya rarraba wa duk na'urar da ke ɗauke da akawun ɗinka? To shi ya haɗa. In ya ɗauki hoton sabuwar kujera, kafin ya mayar da wayar aljihu ta fito a bango. Oga ya yaba masa. Mutumin ya daɗe yana tafiya yana buɗa hannu kamar shi ya ƙera talabijin ɗin. Da yake ba ya ɗaukar hoton komai sai na kaya, a hankali ya manta da zancen gaba ɗaya.

To amma yana da wani ciwo guda, fashin aiki. Kuma bai taɓa rasa dalili ba. Kakarsa kaɗai ta rasu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ranar da Oga ya haɗu da tsohuwar a asibiti tana faɗa da masu ba da kati, da ƙarfinta fiye da nasa, sai ya kira shi ofis ya ja masa kunne. Ya ce daga yau in ya sake yin fashi da ƙarya, kada ma ya wahalar da kansa ya dawo. Kuma aikin nan shi ke riƙe da gidansa, ba shi da wani.

Ana nan sai wasan ƙarshe na ƙwallon unguwa ya faɗo ranar aiki. Shi ne kuma mai ci musu ƙwallo. Ya kwana yana juyi, da safe ya ɗauki waya ya kira Oga, yana nishi kamar mai naƙuda. Ya ce santsi ya kwashe shi a banɗaki, ya yi targaɗe a ƙafa, ko taka ta ba ya iyawa. Oga yana kan hanya, ya tafi ɗauko kaya sai gobe zai dawo. Ya yi masa sannu, har da cewa ya kula da kansa.

Wallahi ranar ƙafar nan ta yi aiki. Ya ci ƙwallo, suka ɗauki kofi. Don murna ya miƙa wa wani ɗan kallo wayarsa ya ce ya yi ta ɗauka kada ya tsaya. Aka ɗauke shi ya yi tsalle yana shawagi a iska. Aka ɗauke shi a kafaɗun mutane. Aka ɗauke shi tsaye da ƙafa ɗaya yana sumbatar kofi.

Bai gama share gumi ba waya ta yi ƙara. Kashiyar shagon ce, wata dattijuwa mai tausayinsa, da yake kira Yaya.

Ya maƙale murya ya ce, "Yaya, ina kwance."

Ta ce, "Sannu da jiki. Kana talabijin."

"Wace talabijin?"

"Tamu. Yanzu ka wuce, tsakanin gado mai rumfa da teburin cin abinci. Ga ka nan ma ka sake dawowa, da kofi."

Ya ce ta kashe ta. Ta ce rimot yana ofishin Oga a kulle, soket ɗin kuma yana bayan wata durowa da sai ƙarti sun taru suke matsar da ita. Ya ce to ta rufe ta da zanen gado. Ta ce ta riga ta gwada, ta hau kujera ta yafa, sai mutane suka ɗauka wani sabon abu za a ƙaddamar, suka taru a ƙofa suna jira, har wani ya sa hannu ya yaye.

Abu na farko da ya yi, ya kashe wayar. Ya cire layin ya sa a bakinsa. Ya tura wayar cikin takalmin ƙwallo ya cusa safa a kai. Sannan ya ari wayar golansu ya kira Kashiya, yana magana da layi a kunci, ya ce ta duba yanzu. Ta ce yana nan daram, har an fara tambayar ko ana sayar da kofin.

Golan nan abokinsa ne, kuma wajen sanin komai tafiyarsu ɗaya. Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, shi ya taɓa yi wa wani. A shiga saitin waya a kashe abin kwashe hotunan, shi ke nan an datse hanya, sai a goge hotuna. Suka zauna a bakin fili, kai da kai, suka kunna waya suka shiga lalube. Suka kashe ƙararrawar tashi daga barci. Suka mayar da rubutun wayar wani yare da ba wanda ya taɓa gani, suka sha wuya kafin su dawo da shi. Da ƙyar suka gano wurin. Wayar ta fito da wani dogon gargaɗi. Gola ya ce kada ya ɓata lokacinsa, duk surutu ne, ya danna kawai. Ya danna. Abu ya mutu. Ya bi hotunan wasa ɗaya bayan ɗaya ya goge, yana gogewa yana jin zafin rabuwa da su, musamman na tsallen nan.

Ya kira Kashiya da fara'arsa. Ta ce ba abin da ya ragu.

To ku da kuka san abin, kun ga inda aka yi ɓarnar. Sun datse hanya tukuna sannan suka aika saƙon gogewa, saƙon kuwa ba ta inda zai bi. Hotuna sun bar wayarsa, amma suna can a ma'ajiya lafiya lau. Ga shi yanzu ko ganinsu ba ya yi balle ya san ta inda zai kamo su. Ya juya zai tambayi Gola, Gola ya ce shi wanda ya yi wa, wayarsa ba irin wannan ba ce, ya ɗauki jakarsa ya ƙara gaba.

Ya kama hanya ya isa gida. Matarsa ta ga kofi a hannu, fuska kuma kamar an aiko masa da mutuwa. Ya zayyana mata komai. Ta ce ya kira Oga tun kafin ya dawo, ya faɗi gaskiya ya ba da haƙuri. Ya ce ita ba ta san dabarar zaman duniya ba. Hotunan wasa zai ce tsofaffi ne, na bara. Abin da ake bukata yanzu hujja, hoto guda mai ban tausayi, shi a kwance da bandeji, ya tura wa Oga. Amma ba da wannan munafukar wayar ba, ya daina yarda da ita. Ya buɗe durowa ya zaro tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi, ya sa ta a caji, ta kama intanet ɗin gidan da kanta. Ya shafa ta ya ce tsohuwar zuma da ita ake magani.

Bai tuna ba, ita ma akawun ɗinsa ne a cikinta. A sabuwar kawai ya kashe abin.

Aka shiga aiki. Ya kwanta, matar ta naɗa masa bandeji a ƙafar hagu, ta ɗauka. Ya duba ya ce bai yi kama da mai jin jiki ba, a sake. Ya lumshe ido, ya saki baki. Ya ce a kawo tumatirin gwangwani a shafa. Ta ce targaɗe ba ya jini. Ya ce nasa mai tsanani ne. Dariya ta kama ta, ta yi ta dannawa ba ta sani ba: ga shi yana lasar tumatir a yatsa, ga shi ya miƙe tsaye a kan gado yana gyara labule don haske ya shigo, ga shi ya leƙo da ido ɗaya yana duba ko ta shirya.

Ana cikin haka ya tashi zaune zumbur. Ya ce, "Tsaya. Wace ƙafa na ce masa?"

Ta ce ita ina za ta sani, tana kicin lokacin. Ya yi tunani har kansa ya yi zafi, bai tuna ba. Sai ya ce ba komai, mai hankali ba ya rasa mafita. A kwance bandejin a mayar dama, a ɗauki wasu hotunan. In ya tuna, sai ya zaɓi wanda ya dace. Aka kwance, aka naɗa a dama, aka sake sabon zagaye, har da sandar goge ɗaki a matsayin abin dogarawa. Ya kwanta ranar yana yaba wa kansa.

Da sassafe Kashiya ta kira. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

Ta ce, "Ɗan'uwa, me ka aikata? Na zo buɗe shago na tarar da mutane cike a ƙofa. Yanzu kai kaɗai ne a talabijin, ko kujera ɗaya ba ta fitowa."

Ya ce ai ya kashe abin da hannunsa. Ta ce to wanda ya kashe daban, wanda ke aiki daban. Ta ba shi labari dalla-dalla. A nuno shi yana shawagi a iska, sai a nuno shi kwance baki sake. A nuno kofi, sai gwangwanin tumatir. Masu kallo har sun rabu biyu, wasu na cewa hagu ce, wasu na cewa dama, wani direban tasi ya ajiye motarsa ya ce ba inda za shi sai ya ga ƙarshen abin. Ta ce Oga kuma ya iso, ya ja kujera cikin na sayarwa ya zauna a gaban talabijin, ya ce a kira masa mai targaɗen.

Tsoro ya kama shi na gaske. Ya dubi matarsa, ya dubi ɗakin, ya ga aikin nan yana shirin kuɓuce masa. Matar ta sake cewa ya je ya durƙusa kawai. Can ya ce in ya naɗe hagu, hotunan dama za su ƙaryata shi. In ya naɗe dama, na hagu za su ƙaryata shi. Saboda haka ta kawo bandejin duka, da tsohon zanen gado a yayyaga a ƙara.

Haka ya sauka daga tasi a ƙofar shago, ƙafafu biyu naɗe tun daga yatsu har gwiwa, kowace ta yi girman filo, sandar goge ɗaki a wannan hammata, lema a waccan. Mutane suka dare suka ba shi hanya. Wata mata ta ɗaga ɗanta sama don ya gan shi da kyau. Wani ya miƙo hannu ya ce ƙwallon jiya ta yi kyau. Gogan ya yi kamar bai ji ba, ya ja jiki yana nishi har gaban Oga. Daidai lokacin talabijin ta nuno shi tsaye a kan gado yana gyara labule.

Oga ya dube shi a bango, ya dube shi a ƙasa. Ya daɗe yana kallon ƙafafun. Sannan ya yi magana a hankali, ba faɗa.

Ya ce, "Ba zan tambaye ka ƙwallo ba. Ba zan tambaye ka tumatir ba. Tambaya ɗaya ce, kuma aikinka yana kanta. Jiya a waya ƙafa ɗaya ka ce mini. Yaya aka yi suka zama biyu?"

Mutumin ya gyara tsayuwa a kan lema, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai matsalar ke nan tun jiya. Duk abin da ya samu ɗaya, nan take sai ya fito a ɗayar. Na yi na yi in kashe abin, ya ƙi."