Alhaji Walƙiya da Kashi Ɗari

A gyara zama, za a ambaci manya. Wudil ta haifi masunta da dillalan shanu da malamai ba iyaka, amma sau ɗaya tak ta haifi Alhaji Muttaka Maikano, wanda ya raɗa wa kansa suna Walƙiya don ya hutar da jama'a wahalar nema masa. Kogi yana bin ƙarƙashin gada a natse, shi kuwa yana bi ta sama ba ƙara ba hayaƙi, cikin farar motarsa mai shan lantarki, wadda ake jona wa waya kamar salula. Tun da ya saye ta, ko gaisuwa yake amsawa sai ya sako zancenta. Ka ce ina gajiya, ya ce gajiya ta masu layin mai ce.

"Fetur na mutanen da ne," in ji shi. "Ni minti ashirin, kashi ɗari bisa ɗari. Kafin ka gama alwala na isa Kano."

Da aka sa ranar auren Nu'uman, ɗan wansa Malam Ƙasimu, a Darki, Walƙiya ya nuna irin tawali'unsa. Ya karɓe wakilcin ango daga hannun duk wani dattijo na dangi. Ya ce huhun goro da katan ɗin alawa a motarsa za su tafi, don goron zamani ba ya hawa akori-kura. Shi ne kuma ya sa aka buga a jikin kati da manyan baƙaƙe: ƙarfe uku daidai, ba a jiran kowa.

Ranar ta faɗo Juma'a, ranar kasuwa. Tun da hantsi Walƙiya yake zagaya gari a hankali, don kada wani bawan Allah ya rasa rabonsa na kallo. Ya bi Sabon Gari sau uku. Sai da cajin motar ya koma kashi biyu sannan ya nufi wurin cajin da ke bakin titi, inda aka kafa allo mai cewa caji cikin gaggawa.

Lukman, magidancin da ke kula da wurin, ya jona masa, ya kuma shaida masa cewa wutar yau ba ta da ƙarfi, gara ya kashe na'urar sanyi. Walƙiya ya dube shi irin duban da raƙumi ke yi wa akuya. Ya ce mutum irinsa ba ya gumi a gaban talakawa. Ya ɗage gilashi.

Allon motar ya nuna kashi uku. Ya daɗe a nan yana tunani, kamar tsoho a bakin rafi, sannan ya taka huɗu.

'Yan kasuwa suka taru, kuma mutumin Wudil ba ya wuce babba bai gaishe shi ba. Duk wanda ya durƙusa ya tambayi iyali da gajiya da hidimar biki, sai Walƙiya ya fito, ya zare wayar cajin, ya nuna masa bakinta, ya yi bayanin yadda ilimi ya kai, ya mayar. Na'urar cajin kuwa duk zarewa sai ta koma ta fara sallama daga farko. Haka aka yi ta yi, gaisuwa na tsawo, caji na rarrafe. Ya je masallaci ya dawo, ya tarar da kashi goma sha tara.

Lukman ya ce wannan ya isa ya kai shi Darki har da saura, ya kama hanya tun da sauran lokaci.

"Sha tara?" in ji Walƙiya. "In shiga Darki da sha tara, su leƙa allo su ga abin kunya? Na faɗa wa duniya kashi ɗari. Da kashi ɗari zan sauka."

Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu magana, amma sun manta da alfahari, wanda shi ne ƙofar gaba ɗaya. Ƙarfe biyu da rabi aka ɗauke wuta. Bakin wayar ya maƙale a jikin motar, ya ƙi fita. Aka ja, aka lallaɓa, aka yi addu'a. Motar Walƙiya ta zama akuyar ɗaure.

Abin da ya rage a hanyar Darki a wannan sa'a shi ne wata tsohuwar motar shanu da ta taso daga kara, gabanta cike da dillalai. A baya aka sama wa Alhaji wuri, tsakanin bijimai biyu, huhun goro a ƙirji, hayaƙin gas yana yi masa turare. Bijiman ba su san manya ba. Abin da suka ci tun safe suka sauke a kan farar shaddarsa, daga kafaɗa har ƙafa.

Ya isa ana watsewa. Liman ya bi umarnin kati sau da ƙafa, bai jira kowa ba. Wani kawun ango mai tsohon keke ya karɓi auren, an raba dabino a madadin goro, an shafa fatiha.

Walƙiya ya diro, ya gyara hula, ya fara jawabi a kan matsalar wuta a ƙasa. Malam Ƙasimu bai katse shi ba. Ya zagaya ƙanin nasa a hankali, ya dubi rigar gaba da baya, ya toshe hanci da gefen rawani.

"Sannu da hanya, Muttaka," ya ce. "Ka cika alkawari. Wannan kashi kam ɗari bisa ɗari ne."